Askin reza ɗaya, ga mai son raba wuyansa da ƙuraje

Ka hau motar haya daga Katsina zuwa Daura, ka samu kujerar baya, ka ɗan dubi ƙeyar mazan da ke gabanka. Kafin direba ya ta da mota za ka ga mai ƙuraje jere a ƙasan hula. In ya juyo, ƙarƙashin haɓa ma haka, wasu sun yi ruwa, wasu sun bushe sun bar baƙin tabo. In ka tambaya sai a ce kilifar shago ce ba a ƙona ba, ko a ce jinin mutum ne bai karɓi aski ba. Ƙazantar kilifa na da nata laifin, amma yawancin ƙurajen nan gashin mutum ne da kansa ke sukarsa.

Gashinmu a murɗe yake fitowa. In aka yanke shi ƙasa ƙwarai, bakinsa ya yi tsini, to da ya fara tofowa sai ya lanƙwashe ya koma cikin fata, ko ma ya kasa fitowa ya yi ta tafiya a ƙarƙashinta. Jiki ya ji baƙon abu ya shige shi, wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, ka sosa, ya tara ruwa. Shebar roba mai baki biyu, uku ko biyar kuwa an ƙera ta ne don ta yi daidai abin da gashinmu ba ya so: bakin farko ya ɗan jawo gashin waje, na bayansa ya yanke shi kafin ya koma, sai ya zauna a ƙasan fata. Kamfanin Gillette ya fito da mai baki biyu a 1971, mai uku a 1998, mai biyar a 2006. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan ci gaba ne, fuska ta yi sumul har gobe. Mu da namu ke murɗewa, sumul ɗin nan shi ne mafarin ƙurji.

Abin da ya raba wuyana da wannan fitina tsohon abu ne: shebar ƙarfe mai cin reza guda mai baki biyu, wato kaifi ta gefe biyu, irin wadda tsofaffin ma'aikatan En'e ke ajiyewa a kan taga kusa da madubi, sai buroshi, da sabulu, da ruwan ɗumi. Reza ɗaya tana yanke gashi daidai saman fata, ba ta jawo shi. In hannunka ya iya, shi ke nan.

Ni mai gemu ne, kuma ba zancen aske gemu ya kawo ni ba, wannan fagen malamai ne. Ko mai gemu har ƙirji yana da wuya da kumatun da yake gyarawa, da kai in mai ƙwal-kwabo ne irina, da kuma wuraren da sunna ta ce kada a bar su su wuce kwana 40. Duk da sheba ɗaya ake yin su.

Wani Ba'amurke mai suna King Camp Gillette ne ya yaɗa irin wannan sheba. A 1903, shekarar da ya fara sayarwa, sheba 51 da reza 168 kacal aka saya. Yaƙin Duniya na Farko ne ya buɗe masa kasuwa, da aka raba wa sojojin Amurka ita cikin kayansu, suka koma gida da sabon. Rezar wancan zamani tsatsa take yi in ba a tsane ta ba, sai a 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da wadda ba ta tsatsa, irin wadda muke saye yau a teburin mai kayan masarufi. Abin da ya fi amfanar ka a tarihin nan shi ne, tun shekarun 1930 tsagar da ke tsakiyar reza ta tsaya yadda take. Kowace reza mai baki biyu tana shiga kowace shebar ƙarfe, ko ta Jamus ce ko ta Sin. Ba kamfanin da zai ɗaure ka da kayansa.

Abin da za ka saya

Shebar iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai gida uku: murfi mai sukuru a tsakiya, da farantin da reza ke zama a kai, da mariƙi. Akwai kuma wadda ake murza gindinta kanta ya buɗe gida biyu a jefa reza. Ta biyun ta fi burgewa, amma ni mai gida uku nake ba mutane shawara. Ba ta da abin motsi da zai lalace, tana da sauƙin wankewa, kuma tana matse reza daidai. Masu buɗewar nan masu arha sau da yawa gefe ɗaya na rufewa ya fi ɗaya, reza ta leƙo a karkace.

Dubi gaban farantin ma. Wani sanda ce miƙaƙƙiya mai 'yan zane-zane, wani kuma haƙora ne da shi. Mai haƙora ya fi shiga cikin gashin da ya yi kwanaki, amma ya fi barin reza ta taɓa fata. Sabon shiga ya ɗauki mai sanda. Waɗanda suka yi suna su ne Merkur daga garin Solingen na Jamus, da Mühle ita ma ta Jamus, da Edwin Jagger ta Sheffield a Ingila, sai masu sauƙin kuɗi irin Lord ta Masar da Parker ta Indiya. Manyan sai dai ka yi oda ta intanet ko ka yi saƙo wajen mai tafiya. Masu arhar akan ci karo da su wajen masu kayan shafe-shafe da kayan aski, in ka zaga Babbar Kasuwa ba ka samu ba ka yi saƙo Sabon Garin Kano. Kada ka raina mai arha. Abin dubawa biyu ne: ka sa mata reza a gaban mai kayan, ka ɗaga ta sama ka ga ko bakin rezar ya fito daidai da juna hagu da dama, sannan ka ji nauyinta a hannu. Marar nauyi za ta sa ka dannawa, dannawa kuwa ita ce uwar duk wani yanka. Ka kuma sani yawancin kawunan shebar nan, har da na wasu masu tsada, da tutiya ake zuba su a shafe su da ruwan ƙarfe mai sheƙi. In ta suɓuce ta faɗi a kan siminti sukurun na iya karyewa, kuma ba mai walda da zai gyara maka. Ta tagulla ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa ce ake bar wa 'ya'ya gado.

Batun reza shi ne inda mutum biyu ba sa taɓa yarda da juna. Wadda ta yi wa abokinka daɗi kai ta iya ja maka gashi. Tiger da Dorco da Super-Max suna ko'ina a gari. Astra an daɗe ana yin ta a Rasha, Derby a Turkiyya, Shark a Masar. Feather ta Japan kowa ya san ta da kaifi, ita kam ba ta sabon hannu ba ce. Ka sayi ƙaramin kwali na iri biyu ko uku, ka yi mako biyu da kowace, wadda fatarka ta karɓa sai ka sayi babban kwali mai guda 100 ka huta. Amma ka lura da jabu, don duk rezar da ta yi suna sai an kwaikwaye ta. In ka buɗe takarda ka ga rubutun jikinta ya dishe, ko ka ga ɗigon tsatsa, to ba ta fuska ba ce, ka bar ta a yanke zare da ita.

Buroshi na da wata magana da masu sayarwa ba sa faɗa, wani lokaci don su ma ba su sani ba. Gashinsa iri huɗu ne: na wata dabbar daji ta ƙasashen sanyi da Turawa ke kira baja, shi ne mai tsada, sai na doki, sai na roba, sai na alade. Masu arha da yawa, masu tauri ruwan ƙwai-ƙwai, gashin alade ne, kuma da Turanci ake rubuta shi a kwali ta yadda ba kowa zai gane ba. A mazhabarmu ta Malikiyya gashin da aka sausaye ana ƙirga shi cikin abu mai tsarki ko da na alade ne, wasu mazhabobin ba su tafi a kan haka ba. Ni dai ban ga dalilin shafa abin da zuciyata ba ta kwanta da shi ba a fuskar da zan yi alwala da ita, alhali na roba na yanzu ya yi laushi, yana bushewa da wuri, ba ya wari, ba ya bukatar jiƙo. Gane shi ba wuya: silin roba duk kaurinsu ɗaya, suna da sheƙi, in ka jiƙa ba ka jin warin dabba.

Sabulu kuwa, na wanka ba ya aikin nan. Kumfarsa iska ce, kafin ka gama kunci ɗaya ta mutu. Sabulun salo shi wanzamanmu ke amfani da shi tun kaka da kakanni, kuma yana da santsi, sai dai yana busar da fata, da hunturu har tsagewa za ka ji tana yi. In ka samu na aski na ainihi ya fi: Arko na Turkiyya mai kamar sanda, ko Palmolive na cikin matsi, ko Proraso na Italiya in aljihu ya yarda. Sandar Arko ɗaya takan yi watanni. Kumfar gwangwani mai fesawa ba na hana ta, amma in da ita za ka yi aiki kuɗin buroshi ya tafi a banza.

Saura abu biyu da ba sai ka je nesa ba: ƙanƙarar alif, wanda ake jefawa a randa ruwa ya kwanta, da man kaɗanya. Ka zaɓi alif dunƙule mai girma, ka goga shi a jiƙe har kaifin gefensa ya mutu.

Kafin reza ta taɓa ka

Ka bar gashin ya yi kwana 2 ko 3, sannan ka shafa shi da yatsa ta kowace fuska. Inda ka ji santsi, nan ne kwanciyarsa. Inda ka ji kaushi, ka yi masa gaba da gaba ke nan. Kada ka ɗauka duk ƙasa yake kallo. Na kumatu galibi ƙasa yake kwance, amma na wuya kowa da nasa. Nawa daga zakaran wuya yake rabuwa, na hagu ya nufi kunnen hagu, na dama ya nufi na dama, can ƙasa kusa da wuyan riga kuma sama yake kallo. Mutum ya yi shekaru yana jan sheba daga sama zuwa ƙasa yana ganin bin gashi yake yi, ashe rabin wuyansa gaba da gaba yake aske shi. Shi ya sa ƙurajen ke taruwa wuri ɗaya kullum. Wannan binciken sau ɗaya ake yin sa, kuma ya fi duk kayan da na lissafa muhimmanci.

Lokacin aski shi ne bayan wanka. Gashi busasshe yana da tauri ƙwarai, in ya sha ruwan ɗumi na minti 2 zuwa 3 sai ya yi laushi, reza ta wuce ba ja. In ba wanka za ka yi ba, ka tsiyayi ruwa daga filas ɗin shayi ka surka, ka jiƙa ƙaramin tawul ka ɗora a wurin. Ɗumi ake so, ba zafin da zai sa fata ta yi ja ba. Haske ma abin lura ne. Banɗakunanmu da yawa duhu gare su, wuta kuma ba ta da alƙawari. Ni ƙusa na kafa a bangon tsakar gida, a nan nake rataye madubi da hantsi.

Ka kwance shebar, ka kifa murfin a kan tawul, ka kama reza ta gajerun gefunanta ka ɗora, ka sa faranti, ka ɗaura mariƙi har ya tsaya, ba sai ka yi masa ƙarfi ba. Za ka ga rezar ta ɗan lanƙwashe, haka ake so. Ka tabbata farantin bai juye ba, don in ya kifa za ka yi ta ja ba ta cin komai.

Sai kumfa. Ka jiƙa buroshi, ka yarfe shi sau ɗaya, ka yi ta juya shi a kan sabulu kamar rabin minti har bakinsa ya ɗauka sosai. In sanda ce, ka goga ta kai tsaye a jiƙaƙƙen gashi. Daga nan ka hau juya buroshin a fuska, kana tsoma bakinsa kaɗan a ruwa lokaci-lokaci. Da farko za ka ga abu mai danƙo, sai ya koma mai manyan ƙwayoyin iska, in ka ci gaba da juyawa kana ƙara ɗigon ruwa sai ya haɗe ya yi sheƙi kamar kindirmon da aka dama. Nan ake tsayawa. In ta bushe tana faɗuwa gari-gari, ruwa ya yi kaɗan. In tana zurara zuwa ƙirji, ya yi yawa, ka koma kan sabulu. Buroshin ba kumfa kaɗai yake yi ba, juyawar nan tana tayar da gashin da ya kwanta, tana kuma kuɓutar da wanda ya fara shiga fata, abin da yatsa ba ya iyawa.

Masu shan ruwan rijiya ko na burtsatse mai zartsi za su ga kumfa na ƙi. Ba laifin sabulun ba ne. Leda ɗaya ta fiyawata ta isa haɗa kumfa, ka bar na garuwa don ɗauraya.

Askin kansa

Shebar roba kanta na lanƙwasawa ya bi fuska, kuma sai an danna take ci. Ta ƙarfe kanta a tsaye yake, kai ne za ka nemo mata kwana, kuma nauyinta ne ke aski, ba ƙarfinka ba. Duk wanda ya baro ta roba, hannunsa da dannawa ya saba, wannan sabon shi ne abin da za ka yi fama da shi a makonnin farko.

Ga yadda ake nemo kwanar. Ka ɗora saman murfin a kan kunci, mariƙin ya miƙe yana kallon gefe. Ka fara sauke mariƙin a hankali kana ɗan ja ƙasa, har ka ji reza ta fara cin gashi. Za ka ji da kunnenka, wani ƙaras-ƙaras mai daɗi. Wajen digiri 30 ke nan in ana son lissafi, amma kunne ya fi ma'auni. In ka sauke mariƙin ya kusa kwantawa a fata, kankara kake yi, ba aski ba, kuma raɗaɗin da zai biyo baya zai gaya maka. Shi ya sa ba na kunna rediyo in ina aski.

Ka kama mariƙin da yatsu uku wajen ƙarshensa, sako-sako. Ja gajere, tsawon gaɓar yatsa ko ɗan fi, ka bi kwanciyar gashi. In bakin ya cika da kumfa ka juya ɗaya bakin, in shi ma ya cika ka girgiza a kwanon ruwa. Abu biyu ne ba a yi ko da wasa: ba a zamar da sheba gefe a kan tsawon bakinta, wannan yanka ne kai tsaye, kuma ba a koma wa wurin da babu kumfa. In ka ga saura ka bar shi, ka gama zagayen, ka ɗauraye, ka sake kumfa, sannan ka dawo.

Zagayen farko rage gashi yake yi, ba share shi ba. Turawa masu wannan sha'awa sukan yi zagaye uku: bin gashi, ƙetare shi, sannan gaba da gaba, har fuska ta koma ta jariri. Mu ba namu ba ne. Mai saurin ƙurji ya tsaya a bin gashi sau ɗaya, ko sau biyu in ya ga da saura. In fata ta yi wata biyu lafiya yana iya gwada ƙetarewa a kumatu. Gaba da gaba a wuya kuwa, ni ban yarda da shi ba ga kowane mai murɗaɗɗen gashi. Haka nan kada ka ja fatar wuya ta miƙe tam don ka ci ƙasa. In ka sake ta gashin zai nutse ciki, ka dawo gidan jiya. Ɗaga haɓa kaɗan ya wadatar. Zakaran wuya ne kawai ake jan fatarsa gefe da yatsa, a aske ta a kan wuri mai laushi.

Da na nuna wa ɗan ƙanwata, ya gama ya shafa wuyansa ya yamutsa fuska.

"Kawu, ai bai fita duka ba. Ina jin kaushi."

"Je ka madubi. Kana ganin gashi?"

"A'a."

"To wa zai zo ya shafa maka wuya a ofis? Bar shi haka."

Abin da ido ba ya gani yatsa kaɗai ke ji, shi ne tsawon da ke hana gashi komawa ciki. Wanda ya kasa haƙura da wannan ɗan kaushin ba zai rabu da ƙuraje ba ko da wace irin sheba.

Askin kai ya fi na fuska sauƙi ta wani wajen, don fatar a kan ƙashi take shimfiɗe, ya kuma fi wuya don rabinsa ba ka gani. In suma ta yi yawa ka fara rage ta da kilifa ko almakashi, in ba haka ba sheba za ta yi ta toshewa. Gashin kai daga tsakar kai yake bazuwa: na gaba ya nufi goshi, na gefe ya nufi kunne, na baya ya gangara ƙeya. Haka za ka bi shi. Ta baya hannun hagu ne idonka, yatsu na tafe a bayan sheba suna laluben saura. Ka naɗe kunne ƙasa da yatsa kafin ka bi bayansa, don gefen rezar da ya ɗan leƙo a wasu shebobin yana tsaga kunne. Mai ninki a ƙeya ya sunkuyar da kai ninkin ya buɗe. In kana da wani tsiro ko tsohon tabo mai tudu, ka ɗora yatsa a kansa ka zagaye shi. Makon farko ka ɗauki lokacinka, kada ka fara koyo da safiyar sallah ana jiran ka a tafi idi.

Hammata da mara su ma a fara ragewa da almakashi, kumfa mai yawa, zagaye ɗaya. Ka ware musu rezarsu dabam.

Bayan ka gama

Ka ɗauraye da ruwan ɗumi sabulu ya fita, sannan da ruwan randa mai sanyi. Ka jiƙa alif ka shafa a duk inda reza ta bi. Yana tsayar da ɗan jinin ƙananan yanka, kuma shi ne alƙalinka: inda ya yi shiru hannunka ya yi daidai, inda ya yi zafi ka danna ko ka maimaita. Bayan kamar minti ɗaya ka wanke shi, in ka bar shi fata za ta bushe ta yi fari. Ka tsane da tawul ta hanyar dannawa, ban da gogawa, sannan ka narkar da man kaɗanya ɗan mitsitsi a tafin hannu ka shafa. Da bazara kaɗan ƙwarai, don zufa da maiƙo na toshe ƙofofin gashi. Da hunturu ka ƙara, kuma lokacin ka riƙa yin kumfa ɓangare-ɓangare, in ka shafe kai gaba ɗaya iska za ta busar da na baya kafin ka iso. Sifirit da turare mai giya a kan sabon aski zafin banza ne, turarenka ka fesa a riga.

Ga wani abu da ba a cika lura da shi ba: wuyan kaftanin shadda da ya sha sitati, da bakin hular da ta matse. Ka yi aski da safe, ka ɗaura maɓallin wuya, ka yini abin na gurzar sabuwar fata. In akwai biki ko Juma'a, ka yi askinka tun daren jiya. Tazarar aski kuwa kwana 2 ko 3 ta fi dacewa da yawancinmu. Kullum ya yi yawa ga fata, mako guda kuma ya ba gashi tsawon da zai lanƙwasa.

Wanda wuyansa ya riga ya cika da ƙuraje kada ya ɗora reza a kai, ko wace iri ce. Ya ajiye aski makonni 3 zuwa 4, kullum ya riƙa gasa wurin da tawul mai ɗumi yana juya buroshi a hankali, gashin da ya nutse zai fito da kansa. Ban da tona da allura, ban da tsigewa, su ke barin baƙin tabo. Hodar askin nan mai wari da ake kwaɓawa tana yi wa wasu, wasu kuma ta ƙone su, in za ka gwada ka fara da ɗan wuri. Ƙurajen nan masu tauri na ƙeya da ke haɗewa su yi tudu gashi ya daina fita, su ba aikin sheba ba ne kuma ba na man bakin titi ba. Asibiti ake zuwa wajen likitan fata, tun suna ƙanana.

Reza ɗaya takan yi aski 3 zuwa 5 a fuska, kai gaba ɗaya kuwa biyu ya ishe ta. Da ka ji ta fara ja, canza ta, ita ce mafi arha cikin kayan duka. In ka gama ka ɗan sassauta mariƙi, ka ɗauraye, ka yarfe. Kada ka goge bakin reza da tawul, akwai wani shafi siriri a kansa da ke sa santsi, gogewa na cire shi. Buroshi a wanke shi tas, a yarfe, a bar shi a inuwa inda iska ke shiga, ba cikin jaka ba. Wata-wata ka kwance shebar ka bi ta da tsohon buroshin haƙori da sabulun wanke-wanke.

Ba a aron sheba, ko tsakanin wa da ƙane. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7, kuma jinin da ido ba ya gani ya isa. Makero ma ta kayan aski yake yawo. Ban daina zuwa wajen wanzami ba, don gyaran saje da layin gemu har yau askarsa ta fi hannuna, kuma da yawansu yanzu suna da aska mai cin rabin reza. Nakan tafi da tawa a aljihu in ce, "Baba, ga wannan a sa mani." Ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba, ya karya ta cikin takardarta ya sa.

Tsohuwar reza kuma kada ta shiga shara tsirara. Yara na tsinta su fiƙe fensir ko su yanke farce, masu tonon bola kuma da hannu suke aiki. Ka samu gwangwanin madara da aka huda ba a fasa ba, ka wanke ya bushe, ka tsaga samansa da wuƙa daidai faɗin reza, ka ajiye inda hannun yaro ba ya kai. Zai yi shekaru bai cika ba. Ranar da ya cika ka buga bakin da guduma ya rufe, ka ba masu sayen ƙarfe, ka gaya musu abin da ke ciki.

Mai tafiya Hajji ko Umara, ko duk wata tafiyar jirgi, ya cire reza daga sheba kafin ya haɗa kaya. Shebar da ba reza tana wucewa a jakar hannu, amma kwalin reza sai a babbar jakar da ake aunawa, in ba haka ba masu bincike za su karɓe shi tun a filin jirgi.